Giya Biyar, Birki Sai Addu'a

A Faransa, wanda ya mallaki Peugeot 504 a yau yakan lulluɓe ta a rumfa, ya goge ta ranar Lahadi, ya kai ta bikin nunin tsofaffin motoci. A ƙasar Roni kuwa ba wanda ya gaya mata ta tsufa. Tana nan tana hawa da gangara tsakanin duwatsu, daga Amaryawa zuwa Kazaure, daga Gwiwa zuwa Babura, da buhunan gero a baya da akuya a kan buhunan.

Motar tana da asali. A 1968 ta fito, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita. A shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, ana ɗauko kayan a jirgin sama daga Liyon zuwa Kano. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba har wajejen 2006. Autarsu ke nan ta doshi shekara 20, kuma mota mai waɗannan shekaru ba ta rayuwa sai da masu jinya. Duk wanda ya wuni a gindin darbejiyar wani gareji a Kazaure zai ga su iri-iri ne, amma abu ɗaya ya haɗa yawancinsu: kowa na kashe kuɗi a kan abin da zai sa mota ta tafi, abin da zai tsayar da ita kuwa an bar wa Allah.

Mai zuwa da sassafe shi ne tsohon ma'aikaci. Da bashin mota ya sayi salun ɗinsa a zamanin Shagari, tun Roni tana cikin jihar Kano, tun lambar motar tana farawa da KN, shekaru kafin a yanke Jigawa a 1991. Ba ya barin mota a gareji ya tafi. Da kujerarsa yake zuwa, da carbi, da rediyo. Duk ƙusar da aka kwance sai ya ƙirga ta da ido, duk abin da za a ɗaura sai ya juya shi yana neman tambarin zaki. “Wannan ba na Faransa ba ne, yaro. Ji nauyinsa.” Zai ba da labarin yadda manyan gwamnati suka koma hawa irin motarsa bayan 1976, har shugaban ƙasa. Gaskiya ya faɗa, sai dai yau ne karo na ba-adadi da kanikawa suka ji. Shi kaɗai ne a jerin nan birkinsa ke aiki, domin bai taɓa gudun da zai buƙace shi ba.

Wanda yake wa gadin kuwa shi ne bakanike mai kunne. Bai san kwamfutar duba mota ba, ba ya kuma sonta. Zai ce a tayar, ya kafa doguwar sukundireba a jikin giyabos, ya ɗora kunne a kan mariƙinta, ya lumshe ido. Can sai ya ce, “Boris ne, Alhaji. Kuma lamba biyu tana gurnani.” Sau da yawa haka ɗin ne, don zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga shi ke fara cinyewa, kuma na lamba biyu ya fi shan wahala a hannun direban da ke jan lodi a hawa.

Sauke giyabos na 504 ba aikin sha-yanzu ba ne, saboda farfelarta a cikin bututun ƙarfe take, ɗaure da bayan motar. Idan ya sauko, oga yakan shimfiɗa buhu a ƙasa ya baje kayan kamar mahauci ya baje kayan ciki, haƙori nan, sanda can, kowanne an wanke shi da fetur a cikin rabin jarka. Ba takarda, ba zane. Komai yana kansa. Iska ta taso da rairayi, ya hure da baki ya ci gaba. Bayan kwana biyu ya mayar, giya ta shiga sumul, sai a ga ƙusa uku sun rage a kan buhu. In aka yi magana ya ce, “Ai Bature ne ya cika son yawa.” Ya zuba su a gwangwanin madara, wanda tuni ya kusa cika da yawan Bature.

Akwai kuma bakanike mai haɗa aure. Shi bai yarda mota tana da dangi ba. Giyar sitiyari ta tsohon yayi, zai mayar da ita giyar ƙasa. Giya huɗu ta yi kaɗan a titin Kano zuwa Daura, zai nemo giya biyar ta 505, ƙanwar da ta fito a 1979, ya jona. Kafireto na wata mota, lagireto na wata, fitila ta babur in ta kama. Aikinsa yana ci, a ba shi wannan. Illarsa ɗaya: motar da ya ƙara wa gudu, birkinta na nan yadda ya gan shi. In ka tuna masa ya ce, “Mu gama da tafiya tukuna, ranka ya daɗe.”

Babban abokin cinikinsa direban akori-kura ne, kuma a nan zancen birki ya zama abin dariya mai ban tsoro. Salun mai tsada ta zo da birkin faifai a ƙafa huɗu, abin alfahari a 1968. Akori-kura da wagon kuwa birkin ganga ne a baya, ga shi su ke ɗaukar abin da ya ninka ƙarfinsu. Direbanmu ya san man birkinsa yana yoyo tun damina. Maganinsa ruwa da garin Omo a gorar roba, a ɗura a wuce. Da safe abin yana kamawa, shi ya sa yake rantsuwa da shi. Amma man birki mafi araha, mai lamba DOT 3, sai zafi ya haura digiri 205 yake tafasa, ruwa kuwa a 100 ya gama. A doguwar gangara da lodi, ruwan ya zama tururi, ƙafa ta tafi har ƙasa ba ta taɓa komai ba, ban da tsatsar da yake shukawa a cikin bututu. Direban yana da amsa. Birkinsa na farko giya lamba biyu, na biyu hon, na uku yaron mota da ke maƙale a baya da waigi a hannu, yana jiran a ce “Sa mata!” Fasinjoji suna kawo na huɗu, wato salati. Da ya hango jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988 saboda irinsa, sai ya tuna yana da ɗan'uwa a wani ƙauye ta hanyar burji.

Yaron gareji ba ya magana da yawa, bakinsa na ɗanɗanon fetur. Shi ake turawa ƙarƙashin mota ranar cire iska daga birki, oga na kan kujerar direba yana taka feda. “Buga! Buga! Danne! Ka danne?” “Na danne!” Ya kwance noti, mai ya feso masa a ido, ya ɗaure. Duk abin da ya ɓace a garejin shi ya ɓatar, har sufanar da ke aljihun oga.

Sai dillalin kayan gyara, wanda kullum gobe zai shiga Ƙofar Ruwa. Kano ba nisa, ta Dambatta ne, amma gobensa takan kai mako. Kayansa hawa uku ne: sabo, ɗan Beljiyam, da wanda yake kira “an ɗan taɓa”. Ɗan Beljiyam ya fi sabo tsada, kuma kanikawa sun goyi bayansa, don sun ce tsohon ƙarfen Turai ya fi sabon da ba a san mahaifarsa ba. Ko giyabos ɗin ya taɓa ganin Beljiyam, ko daga wata mota da ta kife a Kwanar Dumawa aka ciro shi aka wanke, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

'Yan benci ba su da mota, ba su taɓa tuƙi ba, amma ba a ɗaura ƙusa sai da fatawarsu. Ɗaya ya ce kuloci ne, ɗaya ya ce sammu ne.

Baƙon cikinsu matashi ne da ya gama kwalejin Hussaini Adamu, ya gaji motar mahaifinsa, ya kuma kwana yana kallon Turawa a YouTube suna farfaɗo da irinta. Shi kaɗai ya shigo garejin ya fara da birki. Yana son a canza robobin da suka tsage, a sa sababbin bututu, a zubar da tsohon mai gaba ɗaya domin man birki yana shan danshi, a kuma auna kaurin faifai. Aka yi tsit. Oga ya dube shi ya ce, “Ɗan Alhaji, ai tana tsayawa.” Ya ce yana son ta tsaya inda ya ce, ba inda ta ga dama ba. 'Yan benci suka yanke hukuncin boko ya yi masa yawa. Shi ne mai gaskiya a duk taron, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ya tara na gyara yana ƙarewa a tanki kafin ya kai ga ƙafa ta biyu.

A can gefe, kan amalanke, ɗan gwangwan yana zaune da sikelinsa. Bai san giya ba, bai san birki ba, kilo ya sani, kuma ya san tsohuwar Peugeot ƙarfe ce mai kauri. Kowane mako yakan gaishe da tsohon ma'aikaci da ladabi, ya tambayi jikin mota. Alhaji ya ɗaga sanda ya ce ko bayan ransa ba za ta hau sikeli ba, ya riga ya bar wasiyya. Ɗan gwangwan ya ce Allah ya ja kwana, Baba. Sannan ya zagaya bayan rumfa, inda yaron gareji ke jiransa da gwangwanin ƙusoshin oga.