Ina Ruwan Mutumin Gummi da Kogin Jodan?

Na ji ka tun ba ka buɗe baki ba, Malam. Ka ce mi ya haɗa mutumin Gummi da rigimar Larabawa da Isra'ila a kan ruwan gulbi? Ka ce mutanen da ke jifar juna da bam, wa zai zauna yana awon ruwa? To gyara zama, tun da ka zo da gardama.

A 1953 shugaban Amurka Eisenhower ya aika Eric Johnston ya raba ruwan Kogin Jodan da na Yarmuk tsakanin Isra'ila da Jodan da Siriya da Labanan. Zuwa 1955 injiniyoyin kowane ɓangare sun amince da kason. 'Yan siyasar Larabawa suka ƙi sa hannu, don sa hannu tamkar yarda ce da Isra'ila. A 1964 Isra'ila ta fara jan ruwan Tafkin Dabariyya zuwa hamadar Negeb. Larabawa suka ce to za su karkatar da ruwan tun daga tushe. Isra'ila ta yi wa aikin ruwan wuta, a 1967 kuma ta ƙwace tuddan Golan.

Ka ce yauwa, ga shi nan, ƙarfi ya raba gardama? Ba ka yi ƙarya ba, sai dai ka ci rabi ka bar rabi. Bafalasɗine kam zai ba ka gaskiya, don rabon da aka yi masa a yarjejeniyar Oslo ta 1995 na wucin gadi ne, shekara biyar aka ce, ga shi har ya yi furfura. Amma shekara da shekaru, Jodan da Isra'ila suna gaba a takarda, jami'ansu na haɗuwa a asirce a bakin Yarmuk suna kasafta ruwa. Da suka yi sulhu a 1994, aka rubuta cewa Isra'ila za ta riƙa ba Jodan kubik mita miliyan 50 duk shekara. Gaba daban, ƙishirwa daban.

Ka ce duk wannan can ne, mu nan Allah Ya hore mana? Haba Malam! Kai da ambaliya ta ci gidaje a Gummi a Agustan 2024, rani na yi kuma ka koma tonon yashi a tsakiyar gulbi? Kuma wannan ruwan da kake cewa naka, bi shi ka gani. Gulbin Zamfara da Gulbin Ka duk yamma suke gangarawa, su shiga jihar Kebbi, su zuba a Gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara. Daga nan sai madatsar Kainji da aka gama a 1968. Can ruwanka ke taya juya injin, wutar kuma ta bi waya ta Birnin Kebbi har Yamai. Kai kana Gummi kana fifita da mafici, ruwanka na can yana kunna wa wani fanka.

Ka ce to wannan wauta ce, a tsinke wayar mana? Sannu da dabara! Ka san inda Kwara ke biyowa kafin ta iso mu? Gini, Mali, Nijar. Mu ne a ƙasa. Jami'an Najeriya sun sha faɗa cewa wutar nan ciniki ce: mu ba ku lantarki, ku bar mana ruwa ya gangaro. Kuma shawararka an gwada ta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, sai a Maris 2024 aka mayar. Me ka koya wa maƙwabcinka a watannin nan, in ban da ya matsa ƙaimi ga madatsarsa ta Kandaji, wadda aka aza harsashinta tun 2008?

Kada ka yi saurin ɗaukar Najeriya 'yar baiwar Allah. Gulbin Maraɗi daga nan Najeriya yake tasowa, ya ratsa Nijar, ya dawo ya zuba a Rima, kuma madatsar Jibiya tana bisa kansa. Shi ya sa ƙasashen biyu suka zauna a Maiduguri a 1990 suka rubuta yadda za su raba gulaben da suka haɗa su. A nan kai ne na sama, a can kai ne na ƙasa. Manoman fadama da ke ƙasan madatsar Bakolori sun san ɗanɗanon na biyun, kuma ba baƙo ne ya tare musu ruwa ba.

Ka ce har yanzu ba ka yarda ba? Ba komai, ba dole. Amma ranar da wani ya zo da zancen datse Gulbin Zamfara a saman Anka, kada ka tsaya tafi da guɗa. Tambaye shi nawa zai bari ya gangaro Gummi da rani, kuma ka ce a rubuta.