Wai Nas Ma Tana da Mazhaba?

Ku 'yan majalisar bakin titi a Kiyawa, da abokan hirarku na Shuwarin da Katanga, na san amsarku tun ban gama tambaya ba. Idan aka ce aikin jinya yana da ra'o'in da malamansa suka shimfiɗa, ake karantawa a Birnin Kudu har a rubuta jarrabawa a kai, za ku kwashe da dariya ku ce, "Ra'in me? Ba allura ba ce da ɗaura ruwa?" To Alhaji, gyara zama.

A wurinku duk zuwa asibitin da ba a soki mutum ba asarar kuɗin mota ne. Mutum zai dawo yana huci: "Wallahi yarinyar nan ba ta yi min komai ba, sai tambaya. Me na ci, ina muke ɗebo ruwa, mu nawa ke kwana a ɗaki, wai har ko ina buɗe taga." Nan take majalisa ta yanke hukunci cewa gulma ce. Daga nan a zarce kyamis, yaro ya zuƙo ruwan kwalba ya caka, a fito ana ɗingishi ana sa masa albarka.

Waccan tambayar taga tana da uwa, sunanta Florence Nightingale. A 1854 ta tafi da mata 38 asibitin sojan Ingila da ke Iskutari, a gefen Istambul, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar cututtukan ƙazanta sun fi raunin harsashi kashe sojoji. Abin da ta fito da shi, ta kuma rubuta a littafinta na 1859, shi ne cewa jiki yana iya gyara kansa idan aka ba shi iska mai kyau, haske, ruwa mai tsabta da magudanar da ba ta toshe ba. Yanzu ku leƙa ɗakinku a tsakiyar hunturu: an toshe taga da tsumma, an sa kaskon gawayi a tsakiya, yara biyar a katifa ɗaya, ƙaramin yana tari tun Magariba. Wace allura ce za ta fitar da hayaƙin nan?

Na hango Malam yana gyara rawani zai ce ai duk aikin Nasara ne. A yi haƙuri, Allah gafarta Malam, kai ka karantar da mu cewa Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Sana'ar ta riga Ingila zuwa gidanmu. Su dai sun zauna sun tsara ta a takarda, har ta zama kamar fikihu: asali ɗaya, mazhabobi da yawa.

Wata Ba'amurkiya, Virginia Henderson, ta lissafa buƙatu 14 da nas za ta duba a jikin majinyaci, daga numfashi, ci da sha, bayan gida da barci, har zuwa ibada bisa addininsa. E, har ibada. Idan nas ta tambayi mai karaya ko ya samu yadda zai yi taimama, darasinta take bi. Dorothea Orem kuma, a littafinta na 1971, cewa ta yi a auna abin da mutum zai iya yi wa kansa, a cike masa giɓin kawai: wanda ya suma a yi masa komai, wanda ya fara farfaɗowa a kama masa, wanda ya miƙe a koya masa. Shi ya sa Baba mai ciwon suga yake jin haushi idan an miƙa masa na'urar awo an ce ya soki yatsansa da kansa. Shi a ganinsa raini ne. Ita kuwa nas ta san gobe da asuba ba ta gidansa, kuma ba ta wurin lokacin da za a miƙo masa shayi mai cokali huɗu na sukari ya ce ba a mai da hannun kyauta.

Wadda za ta fi ba ku mamaki ita ce Madeleine Leininger. Ta zauna cikin wata ƙabila a Papuwa Niyu Gini a shekarun 1960, ta dawo tana cewa jinyar da ta yi watsi da al'adar mutane ba ta kamawa. Ta raba al'ada gida uku: wadda za a bari, wadda za a yi ciniki a kanta, da wadda sai an sauya. Ku ɗauki jego. Kwana arba'in mace tana hutawa, ana dafa mata, Inna tana gefe tana lura da jariri, wannan nas mai hankali sai ta ce madalla, a ci gaba. Ruwan wanka da ake tafasawa har yana salar fata, a nan za a zauna ciniki: "Inna, ban ce a daina ba, a sirka dai." Kunun kanwa kuwa, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta shi, tare da zafin wankan, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko jininta ya hau, dole a janye mata kanwar. To wa za a gaya wa? Yarinyar da ta yi haihuwar fari, kunya ba ta barinta ta ɗaga ido, balle ta yi musu da uwar miji. Nas ɗin da ta karanta darasin nan Inna za ta ja gefe, ta gaishe ta da kyau, ta yabi ƙoƙarinta, sannan ta shigo da maganar. Wadda ba ta karanta ba za ta daka tsawa ta ce ƙauyanci ne, a koma gida a ƙara kanwa don a nuna mata iyakarta.

Za ku ce wannan duk aikin likita ne. Ina likitan? A 1965 a Jami'ar Kolarado, wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka fara horar da nas masu zurfin karatu su duba marasa lafiya da kansu, saboda likitoci sun yi ƙaranci a karkara. Najeriya ma a 2014 ta fitar da tsarin sauke wasu ayyukan likita ga nas da ungozoma da ma'aikatan lafiya na karkara. Ƙarfe biyun dare, idan aka kawo mai ciki tana jijjiga, ungozoma ce za ta yi mata allurar farko ta yanke shawarar a wuce Dutse ko Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take karɓar haihuwa mai wuya tun 2008. Yawan maganin a littafin magani ta koya. Amma tunanin ta tambayi wanda zai ba da izinin tafiya, da wanda ke riƙe da kuɗin mota, da wanda zai iya ba da jini, wannan daga waɗancan mazhabobin ya fito.

A wuri guda kam kun ci ni. Akwai sistar da ko gaisuwa ba ta amsawa, akwai wadda ke gaya wa mai naƙuda maganar da ba ta faɗuwa a majalisa. Hildegard Peplau tun 1952 ta rubuta cewa hulɗar nas da majinyaci ita kanta magani ce, kuma wasu sistocin sun ci jarrabawar sun bar darasin a aji. Sai dai mace ɗaya da layin mutum ya kai bakin ƙofa, ba wuta, ba safar hannu, ita ma 'yar wani ce. Kai kuma Alhaji, da ka shigo ka tsallake layi ka ce a yi maka allura biyu saboda kana sauri za ka kasuwar Shuwarin, a wace mazhabar ka karanta wannan?