Wa Zai Kwana a Ɗakin Tsakiya?

To, ƴan boko, na ji ku. Daga cewa akwai wani gidan gado a Dakoro da ake jin daka cikinsa da tsakar dare, sai kuka yi mini caa. Wannan ya ce jemagu ne, wancan ya ce gafiya, wani mushe ma cewa ya yi tsufa ya fara taɓa ni. Akasarin jaruman nan suna Yamai ƙarƙashin fanka, har da taubasaina Zabarmawa, waɗanda ko akuya ce ta yi atishawa da dare sai sun laluɓo tocila. Bagobiri ba ya fushi da Bazabarme, sai dai ya riƙo hannunsa a hankali har bakin zauren.

Ga yadda mutanen unguwar ke ba da labarin. Mai gidan dillalin dabbobi ne, Allah ya buɗa masa, ya gina soro da zaure da ɗakuna. A bazarar 1995, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Nijar, yaran uwargidansa uku suka rasu bi da bi, dukansu kuwa a ɗakin tsakiya suke kwana. Tun daga nan uwar ba ta koma daidai ba. Kafin kiran assalatu sai ta jawo turmi ta hau dakan furar yaran da babu su. Ta rasu, mijin ya bi ta, sauran iyali suka watse. Dakan ne, in ji maƙwabta, bai daina ba.

Na san abin da ke bakinku. Za ku ce sanƙarau ƙwayar cuta ce, tana tashi lokacin ƙura da zafi, tana kama waɗanda ke cunkushe a ɗaki guda, kuma Dakoro na cikin zirin nan da ya taso daga Senegal har Habasha. Za ku ƙara da cewa tun da aka fara allurar MenAfriVac a 2010 irin wannan annoba ta ja baya. Ban musa ba ko kaɗan. Dakan ma ina iya taya ku bayani: akwai fallen kwano a bayan ɗakin da ƙusa ɗaya ta riƙe, in iskar hunturu ta taso sai ya dinga dukan azara, tim, tim. Gara ta cinye rabin rufin, kashin jemage ya rufe daɓe, warinsa tun daga zaure yake tarbar baƙo, tumfafiya kuma ta yi tsayin mutum a tsakar gida. Kun ga, duk na ba ku.

Saura abu ɗaya: ga mabuɗi, wa zai karɓa? An taɓa yi wa wani malamin lakwal tayin ɗakin kyauta, mutumin da ke koya wa yara cewa ƙasa ce ke zagaya rana. Ya yi godiya ƙwarai, ya ce gidan ya yi nisa da makaranta. Hayar da ya kama ta ninka shi nisa.

Kada kuma ku ruga wurin malamai neman mafaka, rabin hanya za su raka ku. Za su ce matacce ba ya dawowa, don haka zancen fatalwa ya faɗi. Amma aljan sura guda gare shi a Alƙur'ani, ta 72, mai ƙaryata shi sai ya shirya amsa. Ƴan bori sun ce Doguwa ce ta tare, masu ruƙiyya sun ce a kawo habbatus sauda da ruwan tofi. Wani mai wayo ya ce mini ai Dakoro garin jiya ne, sai a 1947 Faransawa suka kafa bariki, yaushe har ya tara tsofaffin iskoki? Ranka ya daɗe, Birnin Lalle na nan kusa, inda sarakunan Gobir suka zauna tun kafin a haifi kakan kumandan. Mutanen ɓoye ba su jira takardar fili ba.

Abin da ya kamata masu shakka su bincika, shi ne suka tsallake. Gidan na magada ne, ƴaƴan amarya. Rabon a takarda ba wuya: tumuni ga matar da ya bari, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Sai dai soro ba ya yankuwa da wuƙa. Babban wa yana Libiya, wani ya tafi haƙar zinariya a Jado tun 2014, matan suna aure a Kornaka da Maraɗi, kowa da ranar da wayarsa ke shiga. An zauna gaban sarki don sulhu, an tashi baram-baram, har an fara ambaton jastis. Na kuma lura dakan yana ƙara ƙarfi duk makon da wani baƙo ya zo taya gidan. Maƙwabcin da ya fi kowa jin sa, wanda har ƙirga saukar taɓarya yake yi, shi ne ya ce don zumunci zai saya a rabin kuɗi, wai yana da laƙani. Aljanin nan dai ya san farashin fili.

Don haka ku da ba ku yarda da komai ba, ku ne masu sayen da ake jira. Ku zo da kuɗi cikakku, matan nan su samu haƙƙinsu kafin damina ta kwantar da katangar. Daga Maraɗi kilomita wajen 120 ne, mota na tashi. Tabarma da buta ni zan kawo, har ƙofar ɗakin tsakiya zan raka ku. Ni kam gidan ƙanwata zan kwana, likita ya hana ni shaƙar ƙura.