Keke Kilo 6, Mahayi Kilo 90

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'umma da ba a san ta da sarki ko tuta ba, amma duk safiyar Lahadi za ka gan ta a gindin tuddai ta yi cincirindo. Yawancinsu magidanta ne da suka ba arba'in baya, likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikatan banki, sanye da riga da wando masu ɗame jiki waɗanda ba sa rufa wa kowa asiri. Abin da ya haɗa su shi ne keken tsere marar nauyi, da kuma imanin cewa duk wahalar da suke sha a kan tudu laifin ƙarfe ne. Kowannensu yana da sikeli biyu a gida. Na farko ɗan ƙarami ne na auna fulawa, wanda ya ƙwato daga hannun uwargida, kuma a kansa ake ɗora sirdi da feda da sarƙa da noti ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta nauyinsu a littafi da natsuwar mai rabon gado. Na biyu yana banɗaki, shi ne mai auna mutum, ƙura ta rufe shi, batirinsa ya mutu tun bara, kuma babu wanda ya yi cigiyar sabo.

Kada mai karatu ya ɗauka haukan ba shi da tushe. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gabar mai keke iska ce, amma da zarar hanya ta miƙe sama sosai, mafi yawan ƙarfin ƙafa yana tafiya ne wajen ɗaga nauyi, don haka kowane kilo yana da haraji. 'Yan tsere sun daɗe da sanin wannan. Lokacin da Eddy Merckx ɗan Beljiyam ya je birnin Meziko a 1972 ya kafa tarihin kilomita 49.431 cikin awa ɗaya, sai da aka huhhuda sassan kekensa don a rage masa nauyi, daga nan kuma samarin Turai suka kama injin huda ƙarfe suka far wa nasu kekunan har wasu suka rinƙa karyewa. Da zaren kabon ya shigo, kekuna suka yi ta ramewa, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ji tsoron kada su rinƙa tarwatsewa a ƙarƙashin mutane, ta kafa doka a shekarar 2000 cewa duk keken da bai kai kilo 6.8 ba ba zai shiga gasarta ba. A nan ne abin dariyar ya soma. An yi zamanin da makanikan ƙwararru ke cusa wa keke dalma don ya cika ma'auni, alhali lauyan da ba ya gasa da kowa doka ba ta hau kansa ba, yana iya sayen keken da ya fi na zakaran gasar Tour de France sauƙi. Kamfanoni kuwa ba su yi barci ba. A 2020 kamfanin Specialized ya fito da wani mai suna Aethos wanda gangar jikinsa giram 585 ce kacal, kuma irin waɗannan kekuna idan an haɗa su da kaya na ƙarshe sukan haura dala 10,000.

To, bari mu kai wannan dukiya inda ake gwada ta. Alpe d'Huez, a tsaunukan Faransa, shi ne alƙiblar wannan al'umma: kilomita 13.8, kwanar hanya 21, hanya tana tashi kimanin mita 8 a kowace mita 100, daga gindi zuwa ƙoli kusan mita 1,100. Marco Pantani, wanda nauyinsa bai kai kilo 60 ba, ya haye shi cikin ƙasa da minti 38 a 1997. Malam lauya mai kilo 85, idan aka haɗa shi da kekensa da ruwansa da tarkacensa ya tasam ma kilo 95, kuma idan ƙafarsa tana ba da wat 200, wanda ba abin kunya ba ne ga mai zaman ofis, zai kai sama cikin awa ɗaya da rabi ko kusa da haka. Lissafin ɗan sakandare ya isa ya nuna cewa cire kilo ɗaya cur daga wannan kaya ba zai rage masa cikakken minti ɗaya ba. Giram 20, wato abin da ake samu idan an sauya 'yan kusoshi da na taitaniyom masu tsada, ladansa sakan ɗaya ne. Sakan ɗaya cikin awa ɗaya da rabi! Tsayawar da zai yi a kwana ta 7 don ɗaukar hoton kansa da cocin da ke wurin ta cinye ribar kusoshi ɗari. Kuma tudun bai san farashi ba. Shi dai jimla yake karɓa, bai damu ko kilon na kabon ne ko na tumbi ba.

Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan shari'a da suka ce an bar jaki ana dukan taiki, sai dai a nan jakin ne da kansa ya ɗauki sanda yake dukan taikin, yana kuma biyan kuɗin sandar. Keken duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake turawa sama ba. Sauran kashi tara yana zaune a kan sirdi yana haki. Mutumin da ya kwana uku yana tunanin ko ya cire murfin bawul ɗin taya, shi ne zai cika gora biyu da ruwa, kilo ɗaya da wani abu ke nan, ya zuba waya da makullai da ayaba a aljihun baya, sannan a tsakiyar tafiya a yada zango a gidan shan gahawa, inda al'adar wannan al'umma ta wajabta yanka kek mai kauri. A teburin nan ne ake ainihin gasar. Kowa zai tashi ya ɗaga keken ɗan'uwansa da yatsa biyu, ya girgiza kai, ya yi tsaki na sha'awa, ya tambayi nauyin ƙafafun. Ba a taɓa jin wanda ya tambayi nauyin mai keken ba, domin zumunci yana da iyaka.

Masu kare wannan ɗabi'a za su ce ai ƙwararru ma suna ƙirga giram, kuma ba su fi kowa wauta ba. Gaskiya ne, amma ƙwararre ya fara ƙirga giram ne bayan ya gama da kilo. Jikinsa babu sauran abin cirewa, ƙafarsa tana ba da kimanin wat 6 a kan kowane kilo na nauyinsa a doguwar hawa, ninki biyu ko fiye na abin da malam lauya ke bayarwa, kuma abincinsa ya rataya a kan sakan. A 1989 Greg LeMond ya doke Laurent Fignon da sakan 8 a Tour de France bayan mako uku ana tsere. Wanda ke rayuwa a irin wannan tazara yana da hujjar auna noti. Abin lura ma shi ne LeMond ya samo sakan ɗin nan ne ta ƙara wa kekensa wasu hannaye da suka taimake shi tsaga iska a tseren ranar ƙarshe, wato ya ƙara kaya ne ya ci gasa, kuma a yau ƙwararru da yawa suna hawa tsaunuka da kekunan da suka haura kilo 7 saboda sun fi yanka iska. Tarihin tuddan nan ma ba ya goyon bayan masu sikelin fulawa. A 1910 Octave Lapize ya tsallake tudun Tourmalet a kan hanyar tsakuwa da keken ƙarfe, wani wuri yana turawa da ƙafa, ya kuma lashe gasar Tour de France ta shekarar. Fausto Coppi da keken ƙarfe ya ci Alpe d'Huez ranar da aka fara hawa shi a gasar, a 1952. Nairo Quintana, ɗan manoma daga Boyacá a Kolombiya, a kan tsohon keke mai nauyi ya rinƙa zuwa makaranta yana hawo tudu a hanyar komawa gida, kuma a 2013 ya zo na biyu a Tour de France tare da rigar gwanin tsaunuka. Babu wanda ya ji labarin an auna masa murfin bawul yana yaro.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: kuɗinsa ne, guminsa ne, kuma gara magidanci ya zuba dukiyarsa a keke da ya zuba ta a caca ko a wajen da ba a faɗa. Wannan babu musu, kuma duk abin da zai raba mai shekara hamsin da kujera ya kai shi kan tudu da asuba ya cancanci a sa masa albarka. Keke mai sauƙi kuma yana da daɗin hawa, yana zabura da zarar an taka, wannan ma ba ƙarya ba ne. Da a ce mutumin zai ce na saya ne don ina so, da magana ta ƙare. Matsalar ita ce ba ya faɗin haka. Sai ya kawo maka kimiyya, ya buɗe Strava a waya, manhajar da tun 2009 take jera sunayen mutane a kan kowane tudu daga na ɗaya har na dubu goma sha, ya nuna maka yadda sababbin ƙafafun kabon suka ɗaga shi daga can ƙasa zuwa can ƙasa kaɗan. A gida kuma kimiyyar takan juye, domin farashin da ake gaya wa uwargida shi ma an rage masa nauyi ƙwarai, ya fi keken ramewa. Abin tausayin shi ne cinikin yana raba shi da abu mafi amfani da ya mallaka, wato uzuri. Mai tsohon keke idan yaro ya wuce shi a tudu yana da abin zargi. Mai keken dala 10,000 idan wata tsohuwa ta wuce shi da kwandon burodi a gaban kekenta, sai dai ya laluba iska, ko iskar taya, ko barcin da bai samu ba jiya, ko ya rantse cewa kekenta na lantarki ne. Wani lokacin ma na lantarkin ne, amma ya riga ya rantse kafin ya duba.

Hujja ta uku ita ce wadda ya kamata a saurara da kyau. Za a ce rage tumbi ba wasa ba ne, sayen sirdi na minti biyar ne, sauke kilo biyar kuwa aikin watanni ne, kuma tsananta wa kai a kan nauyi ya jefa 'yan tsere da dama, maza da mata, cikin cutar ƙin abinci. Haka ne, kuma wannan shafi ba ya aika kowa ya kwana da yunwa saboda tudu. Sai dai akwai magani na uku, mai araha, wanda wannan al'umma ta fi ƙi fiye da azumi: giya mai sauƙi. Babban faranti mai haƙora 32 ko 34 a ƙafar baya yana barin mutum ya rinƙa juya feda a hankali maimakon ya miƙe tsaye yana murɗa keke hagu da dama, gwiwa tana ƙara, ido ya yi ja. Kuɗinsa bai kai na taya biyu masu kyau ba. Laifinsa biyu ne, yana ƙara 'yan giram, kuma ana ganinsa daga nesa, ga shi kuwa a gidan gahawa babban faranti shaidar rauni ce. Wannan girman kai ma gadonsa aka yi. Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France a 1903, ya daɗe yana ganin na'urar sauya giya ragwanci ce, sai a 1937 aka bar 'yan gasar suka yi amfani da ita. Yau kuwa idan gasar Vuelta ta kai ƙwararru Angliru a Sifaniya, inda wani wuri hawan ya wuce kashi 23 cikin 100, ba sa jin kunyar ɗaura giyar da malam lauya yake raina wa. Su aikinsu su kai sama. Shi kuma aikinsa a gan shi a ƙasa kafin a tashi.

Idan ana neman masu haukan nauyi na gaskiya, a je Birtaniya a watan Oktoba, lokacin gasannin hawan tudu, inda dokar kilo 6.8 ba ta aiki. Can za ka ga ramammun mutane sun sa zarto sun datse hannun keke, sun kware ƙyallen da ke naɗe da shi, sun cire duk giyar da ba za su taka ba, don tseren da sau da yawa bai wuce 'yan mintoci ba, a ƙarshensa kuma sai an tare su kada su faɗi. Waɗannan sun biya farilla kafin su shiga nafila, kuma ko an yi musu dariya, dariya ce ta girmamawa. Shi kuwa malam lauya yana da fage guda da babu ramamme da zai kama shi, wato gangara, inda kilo 95 ke zama alheri, amma nan ma sai ya damƙe birki saboda tunanin abin da zai biya idan kabon ya daki dutse.

Saboda haka, ya kai mai niyyar sayen keken da iska za ta iya ɗauka, saya abinka, Allah ya sanya alheri, ya kuma tsare gwiwa. Amma kafin ka tafi shago, sayi batirin sikelin banɗaki, ka sa makanike ya ɗaura maka babban faranti a baya, ka gaya wa uwargida farashin gaskiya, sannan ka mayar mata da sikelin fulawarta.