Mutanen da Duba-Gari Ya Sani

Na shafe shekaru masu dama ina aikin duba-gari, ina shiga lungu ina fita saƙo, ina leƙa randa da masai da kwata, kuma abin da na tsinta a wannan yawo, bayan ciwon ƙafa da baƙin jini wurin matan gari, shi ne cewa nasihar kiwon lafiya, duk yawan takardun da hukuma ke bugawa a kanta, za ta shiga allon yaro ɗan shekara bakwai har a bar fili: a wanke hannu da sabulu, a sha ruwa mai tsabta, a kwana cikin gidan sauro, a kai yara rigakafi, a rufe abinci, a nufi asibiti tun ciwo yana rarrafe. Ban taɓa gamuwa da baligi mai hankali wanda bai haddace wannan karatu ba, har wani yakan karɓe shi daga bakina ya ƙarasa mini. Da jahilci ne ke kwantar da mu, da tuni mun miƙe. Abin da na gani shi ne kowa ya fasa wa kansa 'yar ƙofa a bayan gida, wadda yake sulalewa ta cikinta da zarar nasiha ta yi sallama a zaure. Da yake cututtukan ƙasarmu kamar fatake suke, kowanne da lokacin saukarsa, bari in jero mutanen yadda shekara ke kawo su.

Na farkonsu mai tawakkalin zaɓe ne, kuma kasuwarsa da zafi take ci. Idan hazo ya gama busar da hanci da maƙogwaro, bazara ta shigo da ƙura da gumi, mutum goma suka cushe a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu ba, a nan sanƙarau ke samun abin hawa daga numfashin wannan zuwa na wancan, ba ya kuma sauka sai ruwan farko ya zuba. Waɗanda suka ga 1996 ba sa bukatar labari, don a shekarar nan ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya tafi da fiye da 11,000. To, sai ka ce wa mutumin nan, "Allah gafarta Malam, a rage cunkoso, a buɗe taga, ga kuma masu allura sun sauka a ƙofar Mai Unguwa." Sai ya gyara zama, ya yi maka duban wanda imaninsa ya raunana, ya ce, "Samari, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa." Magana ce da babu musulmin da zai ja da ita, illa iyaka na lura kantinsa na kasuwa kwaɗo uku yake sa masa ga maigadi, babur ɗinsa a ɗaki yake kwana da sarƙa a ƙafa, hatsinsa kuwa ba ya shiga rumbu sai an barbaɗa masa maganin ƙwari. Dukiya ta samu rabonta na riƙon sababi, 'ya'ya an bar su da ƙaddara tsagwaronta. Idan ka tuna masa cewa Sayyidina Umar, wanda babu mai koya masa tawakkali, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, sai ya ce mas'alar tana da tafsili, ya miƙe ya tafi duba ko yaron kanti ya kulle.

Da ruwa ya sauka, sanƙarau ya naɗe tabarmarsa, sai sauro ya shimfiɗa tasa a kududdufi da ramin da aka ɗebi ƙasar gini, har da sawun kofaton saniya, inda ƙwansa kan zama sauro mai fiffike cikin kwana goma ko abin da bai kai ba. Tun 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya kama ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a Indiya, ƙasarmu kuwa ita kaɗai ke ɗauke da kimanin rubu'in masu wannan zazzaɓi a duniya. Amma duk wannan bai kai kunnen alƙalin mangwaro ba. Shi a kotunsa, idan jikin yaro ya yi zafi, ba a neman shaida: a ɗaure mangwaro, a ɗaure sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa, a yi wa rana gargaɗi, sauron da ya kwana yana busa masa algaita a kunne kuwa a sallame shi don ba a same shi da laifi ba.

Maƙwabciyarsa ita ce Hajiya mai ajiya, wadda ta yarda da gidan sauro yarda mai ƙarfi, har ta ga ya fi ƙarfin a ɓata shi da kwana. An ba ta uku ranar rabo, ga su nan cikin ledarsu a ƙarƙashin akwati tare da kwalla da turamen atamfa, suna jiran ranar da za a kai 'yar autarta ɗaki, alhali 'yar autar nan tana goye, ba ta ko yi haƙori ba. Masu bi gida-gida da damina, waɗanda ke ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya wata-wata, sukan ba yaro na ranar farko da hannunsu su bar wa uwa na kwana biyu. Wannan ma ya bi sahun kwalla, an adana shi saboda wata rana. Mijinta kuma mutum ne mai basira wanda ba ya son asara: ya samo nasa gidan sauron ya kewaye irin tumatir da shi, ya yanka wani ya rufe akurki, ragowar yara suka yi ragar ƙwallo. Na shiga gidan da kaji ke kwana cikin aminci, jikoki na kwana a fili, na rasa ta ina zan fara wa'azi.

Ba zan tsaya a kan gwanar shara ba, wadda tsakar gidanta za ka iya shanya tuwo a kai, amma duk abin da tsintsiya ta tara sai ta aiki yaro ya antaya shi cikin lambatu a ƙofar gida, bisa fatawar cewa abin da ya wuce zaure na gwamnati ne. Ruwan Agusta kan dawo mata da kayanta har ɗaki, da riba.

Wanda ya fi ba ni wahala, saboda hujja yake riƙe da ita, shi ne faƙihin ruwa. Ya yi karatun Ahlari da Ashmawi, ya san ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba mai tsarki ne mai tsarkakewa, daga nan sai ya yi ƙiyasin da babu malamin da ya ba shi izini, ya ce abin da ya halatta a yi alwala da shi ya halatta a kwankwaɗa. Zai ɗebo ruwan rijiyar da taku kaɗan ke tsakaninta da masai, ya ɗaga moɗa saitin rana, ya sansana, ya kurɓa, ya ce, "Malam duba-gari, nuna mini najasar." Abin baƙin ciki shi ne ƙwayar kwalara ba ta karanta littattafan nan ba, kuma tana iya cika rijiya ba tare da ta taɓa ko ɗaya daga sifofin uku ba. A birnin Landan, cikin 1854, akwai wani famfon unguwa da ruwansa ya yi suna wajen daɗi, har wata tsohuwa da ta ƙaura nesa ta riƙa sawa ana kawo mata shi a kwalba. Ta sha, ta bi ɗaruruwan da amai da gudawa suka kwashe, sai da likita John Snow ya sa aka cire hannun famfon. Na ba faƙihina wannan labari, ya ce ruwan kafirai daban. Na ce ya tafasa nasa, ya ce itace ya yi tsada. Na koya masa haɗin da ke tsayar da rai idan gudawa ta kama yaro, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sai ya tambaye ni, da gaske yake, ko ruwan da aka zuba wa sukari ya halatta a yi alwala da shi.

Likitan unguwa kuwa bai taɓa shiga aji ba, amma ya taɓa jinyar yayansa mako biyu a asibiti, kuma da wannan ijaza yake duba marasa lafiya a majalisa. A mazhabarsa kowane zazzaɓi taifot ne, ƙwaya wasan yara ce, allura ita ce magani, ƙarin ruwa kuwa shi ne ƙarshen ilimin ɗibbu. Idan aka rubuta masa kafso na kwana bakwai, ya sha na uku ya ji sauƙi, sai ya ƙulle ragowar a leda ya yi waƙafi da shi ga maƙwabta, ba tare da ya san ƙwayoyin cutar da ya raunana bai kashe ba horo ya ba su, gobe su dawo sun fi ƙarfin maganin. A ce masa a gwada jini kafin a sha na zazzaɓi, sai ya ce wannan dabarar cin kuɗi ce, shi da bayan hannu yake gwaji.

Amininsa na ƙut-da-ƙut shi ne sarkin jita-jita, wanda kakansa ya ɓuya a rumbu lokacin masu lamba, ga shi kuma albarkacin lambar nan tun 1980 aka shelanta agana ta ƙare a duniya. Shi ya gaji rumbun. Ire-irensa suka yi ta yaɗa magana har wasu jihohi suka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, cutar ta samu sarari ta tsallaka iyakoki, aka ƙara shekaru ana fama kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Afirka daga asalin ƙwayar a 2020. Hujjarsa guda ce: me ya sa kyauta ne? Amma idan mota mai lasifika ta tsaya a bakin tasha da wani jan ruwa cikin jarka, ba suna ba takarda, ana shelar yana maganin basir da shawara da sanyin ƙashi da baƙin jini, shi ne na farko a layi, kuma ba ya neman ragi.

Kaka da hunturu ma da mutanensu. Akwai mai shanya hatsi a gefen titi ya bar shi ya kwana, ɓera ya bi ta kai ya yi fitsari, alhali ta haka zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa ta Borno a 1969, ke shiga tukunya. Akwai mai ƙulla sulhu da buta daga Disamba zuwa Fabrairu, sai taimama da turare. Akwai mai shigar da kaskon gawayi ɗaki ya toshe ko'ina da tsumma, ga hayaƙin garwashi marar launi marar wari da kan mai da barci na dindindin.

Duk waɗannan ina yi musu uzuri, don mai gardama ka san inda ya tsaya. Wanda ya fi ƙarfina shi ne mai "to". Zai tarbe ka da tabarma da ruwan sanyi, duk abin da ka faɗa ya ce, "Wallahi gaskiya ne, ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri," ya kira yara ya ce su saurara, ya raka ka har bakin titi yana yi wa iyayenka addu'a. Ka dawo bayan shekara ka tarar da murfin masai a inda ka nuna shi da sanda, jingine da bango, gizo-gizo ya yi masa rawani.

Saura mutum ɗaya, kuma ba na son a matsa bincike a kansa, don wanzami ba ya son jarfa. Dattijo ne da ya yi ritaya daga leƙa randunan mutane, likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri da kitse, ya riƙa tattaki da safe, ya sha ƙwaya guda kullum ko yana jin garau, tun da hawan jini ba ya sallama. Ya ce "to". Uwargida ta rage gishirin miya, shi kuma ya samo wani ɗan gwangwani yana ɓoyewa a aljihun gaba tare da carbi. Jiya da magariba yana cikin barbaɗawa, sai jikarsa 'yar aji uku ta tsaya a kansa da buta a hannu ɗaya, sabulu a ɗaya, ta ce, "Kaka, ba ka wanke hannu ba, kuma zan gaya wa Inna abin da ke aljihunka." Naira hamsin muka daidaita.