Muƙabala a Bakin Magudanar Ruwa

Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna wasan Kwana Casa'in a 2019, manoman rani na Kura da Bunkure, waɗanda a da rabon ruwan Tiga kaɗai ke haɗa su jayayya, suka sami sabon babin muƙabala, watau siyasar Alfawa, jihar da babu ta a taswira, balle ta raba wa kowa taki. Wani ya kafa hujja cewa Gwamna Bawa Maikada azzalumi ne tun asali, wani ya rantse 'yan jam'iyya ne suka ɓata shi, har a nemi malami ya ba da fatawa kan niyyarsa. Alhali kuwa ruwa ya karya kunya, yana can yana shayar da tumatirin maƙwabci.