Ƙwayar Wake Ɗaya

A Yekuwa ba a yarda namiji ya nuna ya san yana da fuska ba. Ka wanke ta wajen alwala, in hunturu ya matsa ka ɗan shafa mata man kaɗanya, magana ta ƙare. Wanda aka kama da madubi a aljihu kuwa sai ya shekara yana ba da ba'asi a fada, ana zuba shayi ana tuna masa. To ga ni da shekara 29, malamin lakwal mai aji cike da yara sittin da 'yan kai, an sa ranar aurena, sai ƙurajen da suka manta da ni lokacin balaga suka tuna akwai bashinsu a kaina. Suka sauka a goshi, suka yi unguwa a kumatu, wani babba ya kafa sarauta a tsinin hanci.

A wajenmu malamin lakwal "Mushe" ake ce masa, yadda kunnen kakanninmu ya ɗauko kalmar Faransanci. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, mutanen Daura da Zango, ba su taɓa jin sunan nan ba tare da sun ƙunshe dariya ba, don a wajensu mushe shi ne abin da angulu ke sauka a kai. Na yi shekaru ina kare mutuncin sunan. Cikin hunturun nan saura ƙiris in tabbatar musu da fassararsu.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi a ɓoye: toka, lemun tsami, sabulun salo, man goge haƙori. Ƙurajen suka ci suka yi ƙiba. Da hutun Disamba ya zo na ce wa gida zan je Damagaram haɗo kayan lefe. Na hau kabu-kabu zuwa Magarya, na shiga mota na yi wajen kilomita 90, kuma lefen bai fi rabin dalilin tafiyar ba.

Lokotoron da na gani mace ce, ba na jin ta girme ni. Ta juya fuskata dama da hagu kamar mai taya ƙwarya a kasuwa, ta rubuta wani mai da ake kira tiretinoyin, mai ƙarfin kashi 0.025 cikin 100, ta ce shi ne mafi sauƙi cikin ire-irensa, akwai na 0.05 da na 0.1 amma ba nawa ba ne. Ta yi mini bayani da Hausa tsaf. Ƙofofin gashin fuska ne ke toshewa da maiƙo da matacciyar fata, ƙwayoyin cuta su samu ɗaki, wuri ya kumbura. Shi man yana sa fata ta riƙa sauya kanta da sauri, ƙofofin su daina toshewa.

"Malam, ka saurare ni da kyau," ta ce. "Da dare kawai. Ka wanke fuska, ka bari ta bushe sarai. Ka matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ita za ta ishi fuskar duka. Ka shafa yau, ka tsallake dare biyu, har fatar ta saba. Kada ka kai shi bakin ido ko gefen hanci ko leɓe. Ka guji rana. Da farko za ka ga kamar abin ƙaruwa yake, kada ka tsorata."

"Lokotoro, kwana nawa zai ɗauka?"

"Mako takwas zuwa goma sha biyu."

Ɗaurin aure saura mako bakwai. Na yi godiya, na fito, na biya kuɗin da ya isa cefanen gidanmu na mako guda, aka miƙo mini ɗan bututu da bai fi yatsana tsawo ba.

Cikin mota a hanyar dawowa ilimi ya cuce ni. Akwai lissafin da nake koya wa 'yan aji shida duk shekara: in manomi ɗaya ya nome gona cikin kwana goma sha biyu, manoma huɗu kwana nawa za su yi? Na ɗauko biro na juya bayan takardar maganin. Wake ɗaya, mako goma sha biyu. Wake huɗu, mako uku. In na shafa kullum maimakon tsallake dare biyu, mako ɗaya. In na haɗa da safe, kwana uku da wuni. Na dubi amsar nan, na ja mata layi biyu a ƙasa yadda nake sa yara su yi, har na ɗan ji tausayin lokotoron, shekara bakwai ko takwas tana karatu ba wanda ya nuna mata wannan 'yar dabara.

Daren farko dai na yi biyayya, wake ɗaya. Da asuba na haska fitilar salula a madubin moto, don shi kaɗai ne madubin da namiji ke iya dubawa ba a zarge shi ba. Sarkin hanci yana nan daram. Dare na biyu na koma gujiya. Na uku na kai goro, farin goro babba irin na ɗaurin aure. Da bututun bai yi saurin ƙarewa ba, ba na shakka da na kai goriba. Kuma ban sallami tsofaffin ma'aikatana ba: da safe in dirje da sabulun salo da soso, in bi da lemun tsami, in ɗora man a kan jiƙaƙƙiyar fata, in fita.

In fita ina? Cikin hunturun Janairu, lokacin da ko ƙafar jaki faso take yi. Iskar gabas tana kwaso ƙura tana watsa wa mutum, leɓe ya tsage, hantsi ya yi rana ta buɗe fayau ba gajimare ko ɗaya. Rana ta biyar aka aike ni Magarya kai takardun lakwal, na hau moto ba hula ba rawani, na je na dawo da tsakar rana. A daren fuskata ta fara zafi kamar an shafa mata dakakken tattasai. Washegari na ɗebo ruwan alwala na watsa, sai da na ambaci sunan Allah da ƙarfin da liman ya leƙo ya ga ko kunama ce.

Daga nan sai saɓa. Ba irin ta maciji ba, wanda ke tuɓe rigarsa gaba ɗaya ya bar ta gindin ƙaya ya wuce da mutuncinsa. Tawa irin ta tsohon ƙadangare ce, nan ta ɗaye, can ta maƙale, gefen baki ya dare har ba na iya dariya, ba na iya hamma, miyar da aka sa wa yaji kuwa sai dai in bi ta da ido. Fatar ta ɗaure tamau kamar an ja ganga. In na yi magana sai gari ya riƙa zuba. Ina tsaye kan wani yaro ina duba masa rubutu, ya ɗago kai a hankali ya ce, "Mushe, alli ne ko fuskarka ce ke zuba a littafina?" Aji ya yi tsit. Na ce alli ne. Ya hure, ya ci gaba da rubutu, amma na ga ya matsar da littafin.

Inda tsohuwar fatar ta ɗaye, sabuwar da ke ƙasa ta fito jajaja-jajaja, ta fi sauran haske. Kafin la'asar gari ya yanke hukunci: Mushe ya shiga bilicin.

Taubashina ne ya fara buɗe shari'ar a fada. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce a ba Bature wuri kada ƙura ta taɓa shi, ya tambaya ko in sha shayi ko a nemo mini madara. Na buɗe baki zan yi bayanin ƙofofin gashi da maiƙo, gefen bakin ya tsage, na yi shiru. Shirun kuwa aka ɗauke shi amsa laifi. Ban ga laifinsu sosai ba. Duk wanda ke cin kasuwannin bakin iyakar nan ya san teburan mayukan ƙara haske, ya kuma san yadda fuskar mai shafa su ke ƙarewa: kumatu ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Tawa fuskar ta yi kama da wadda ta fara tafiyar ta ɓata a hanya.

Kakata ta wajen uwa ba ta jira an kai mata labari sau biyu ba. Ta kira ni, ta sa hannu ta kare ido kamar mai kallon rana. "Kai maigidan, kishiyar tawa ce ta ce sai fari take so? Ni shekara 29 ina zaune da kai da baƙinka ban kai ƙara ba." Na ce, "Kaka, magani ne." Ta ce, "To Allah ya raba mu da cutar da wannan ne maganinta."

Na tono takunkumin zamanin korona na ɗaura, yara suka je gida suka ce cutar ta dawo, darektan lakwal ya ce in cire kafin iyaye su janye 'ya'yansu. Na koma rawani, na naɗe har hanci, tsofaffi suka fara tambayar wace sarauta aka ba ni ba a gayyace su ba. Gidan surukai kuwa suka turo gwaggon yarinya, wai ta biyo ta gaida Inna. Ta zauna ta sha ruwa, ta yi hirar tsadar gero, idonta bai bar fuskata ba ko na ƙiftawa. Da daddare kawuna ya aiko in zo. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce, "Ɗana, in akwai wani abu a jikinka, gara mu ji daga bakinka."

Kwanakin da na yi ina ɓuya a ɗaki ne na nemi tarihin abin a salula. Ashe wani likitan fata ne a Amurka, Albert Kligman na Jami'ar Pennsylvania, shi da abokin aikinsa James Fulton suka gano amfaninsa ga ƙuraje, aka amince da shi a 1971 da sunan Retin-A. Kligman ya yi shekaru, daga 1951 zuwa 1974, yana gwaje-gwajen magunguna a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg da ke Filadalfiya, akasarinsu baƙar fata, har sai a 2022 hukumar birnin ta fito ta nemi gafara. Na ajiye salular na yi jugum. Su waɗancan bayin Allah a kulle suke, talauci da kurkuku suka sa suka miƙa fatarsu a kan 'yan daloli. Ni ba wanda ya kulle ni, da kuɗina na sayi abin, na zama likitan, na zama fursunan.

A ƙarshe dai na tafi wajen majon likitar garinmu da magariba, lokacin da ba kowa. Dattijo ne, ya san ni tun ina zuwa allurar rigakafi a bayan Inna. Na miƙa masa bututun da ya zama fanko. Ya juya shi, ya ga lissafina a bayan takardar, ya gyara tabarau ya bi shi layi-layi.

"Lissafin daidai ne," ya ce. "Amma ka taɓa ganin mata tara sun haɗu sun haifi ɗa cikin wata ɗaya?"

Ya ce man ɗan gidan bitamin A ne, dangin 'yan ƙwayoyin nan ja da shuɗi da suke ɗiga wa yara a baki lokacin rigakafi, kuma ko su da awo ake ba da su, shuɗi na jarirai, ja na waɗanda suka shekara. Ya ce ƙarin man ba ya ƙara sauri, ƙuna kawai yake ƙarawa, kuma fatar da ke saɓa ba ta da garkuwa a gaban rana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce mu masu baƙar fata, duk inda fata ta ƙone ko ta kumbura, baƙin tabo take bari, kuma tabon yakan yi watanni, wani lokaci ya fi ƙurjin da ya haife shi daɗewa. Wato hasken da ake zargina da nema ma ba zai zauna ba. Garin gyaran gira na taɓo ido.

Ya ce in dakata da komai: ruwa zalla, man kaɗanya safe da yamma, malafa in zan fita, lemun tsami kuma a mayar da shi cikin kunu inda Allah ya ajiye shi. Ina bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "In amarya ta tare, kada ta ga ya yi maka amfani ta ce za ta gwada. Mai ciki ba ta shafa shi, haka wadda ke sa ran samu." Na ce to, ina kallon ƙasa.

An ɗaura aure ranar da aka sa. Hoton yana nan rataye a ɗakin surukata, kuma ta ƙi a sauke. Ina cikin farar shadda, fuskata kamar taswirar da nake zana wa yara a allo, ga tuddai ga ƙoramu, sarkin hanci kuma yana tsakiya bai ko rage tsawo ba. Taubashina yana gefe, shi kaɗai ne ke dariya da dukan haƙoransa.

Sai da damina ta sauka, iska ta yi laushi, sannan na koma Damagaram na faɗi gaskiya. Lokotoron ba ta ce komai ba, ta dai daɗe tana kallon silin. Ta sake rubuta mini, wannan karon adafalin, ƙanen wancan da ya fito daga baya, wanda ta ce bai kai shi zafi ba. Na bi ƙa'ida dare bayan dare, kuma wajen wata na uku fuskar ta kwanta, tabon ma ya fara dushewa. A fada dai sunan Bature bai dushe ba.

Maiɗakina ce ke riƙe da bututun yanzu, a cikin kwallarta yake kwana. Ta ajiye ƙwayar wake ta gaske a kan taga, duk daren shafawa sai ta ɗora ta a tafin hannuna, in matso man kusa da ita, ta duba da fitila kafin ta ce in ci gaba. Shekaranjiya kaza ta shigo ɗaki ta haɗiye ma'aunin. Na ce ba komai, ai na riga na san girmansa da ido. Ba ta tanka ba, ta tafi rumbu da fitilarta, ta daɗe tana tona, ta dawo da wadda ta fi kowace ƙanƙanta.